Wuƙa da Nama: Tambayoyi da Amsoshi kan Shugabanci da Ƙwazon Ma'aikata

Duk inda masu shaguna, shugabannin makarantu ko manyan ma'aikatan ofis suka zauna hira, da wuya a tashi ba a yi kuka da yaran yanzu ba: ba sa son aiki, ba su da amana, kullum idonsu na kan waya. Su ma yaran suna can suna nasu kukan, cewa maigida ba ya gani, ba ya godiya, ba ya yarda da kowa. Na zauna a ɓangarorin biyu. Na yi aiki a ƙarƙashin wasu, wasu kuma sun yi a ƙarƙashina. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini, wasu daga iyayen gida, wasu daga ma'aikata.

Malam, da gaske shugaba na iya canza ma'aikaci? Ni a ganina malalaci malalaci ne duk inda ka kai shi.

Akwai malalaci na asali, ban musa ba. Amma bai kai yawan da iyayen gida ke zato ba, kuma akwai labarin da ya sa na daina saurin yanke wa ma'aikaci hukunci.

A garin Fremont da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, kamfanin General Motors yana da wata masana'antar haɗa motoci da ta yi ƙaurin suna. A kowace rana, kusan mutum 1 cikin 5 ba ya zuwa aiki. Ana shaye-shaye a bakin aiki, ana tafiya yajin aiki ko izinin ƙungiyar ƙwadago ba a jira. Wasu don haushin shugabanninsu sukan jefa kwalba cikin ƙofar mota kafin a rufe ta, don ta riƙa damun wanda ya saya da ƙara. Ƙorafe-ƙorafe dubbai sun taru ba a warware ba. A 1982 kamfanin ya gaji, ya rufe wurin, ya sallami kowa.

A 1984 aka sake buɗe masana'antar da sunan NUMMI, haɗin gwiwa tsakanin General Motors da Toyota, aka kuma bar wa Toyota tafiyar da aikin. Abin da ya ba mutane mamaki, mafi yawan waɗanda aka ɗauka, kimanin kashi 85 cikin 100, tsofaffin ma'aikatan nan ne, har da shugabannin ƙungiyarsu da ake yi wa kallon 'yan tada zaune tsaye. Ginin shi ne dai, mutanen su ne dai, ƙungiyar ma ita ce. Ba a cika shekara biyu ba ingancin motocinsu ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors, ya kusa kamo na Toyota a Japan. Fashin aiki ya sauko zuwa kashi 2 ko 3 cikin 100.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan yaranka biyar duk sun zama malalata a hannunka, kafin ka kore su ka nemo wasu biyar, duba abin da ke cikin gidan da ke mayar da su haka.

To me Toyota ta yi musu takamaimai?

Da farko ta ɗebi ɗaruruwansu ta kai su masana'antarta ta Takaoka a Japan, suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan can. A nan suka ga abin da ba su taɓa gani ba: igiya ce rataye a saman layin haɗa motoci, kowane ma'aikaci hannunsa na kaiwa gare ta. Idan ya ga matsala, ko ƙusa ta ƙi ɗauruwa, ko shi kansa ya yi kuskure, sai ya ja igiyar. Fitila ta kama, shugaban rukuninsa ya taho da sauri, ba don ya yi masa faɗa ba, don ya taya shi. In an gyara nan take, aiki ya ci gaba. In ba a iya ba, layin ya tsaya har sai an gyara.

A tsohon tsarin kuwa, babbar doka ita ce kada layi ya tsaya ko me ya faru. Mota ta fito da aibu a tura ta fili, a gyara daga baya. Ma'aikacin da ya ga ɓarna da idonsa ba shi da ta cewa. Mutumin da ka shekara ashirin kana nuna masa cewa idonsa da hankalinsa ba su da amfani, hannunsa kawai kake so, kada ka yi mamaki ranar da ya daina kula.

Sai abu na biyu. An raba su rukuni-rukuni na mutum kaɗan, aka ce su da kansu su tsara yadda za a yi kowane aiki, su auna lokacinsa, su kawo gyara in sun ga hanya mafi sauƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke ɗaura kujerar mota ɗaruruwan sau a rana ya fi injiniyan da ke ofis sanin inda take wahalar da shi.

Na uku shi ne ginshiƙin, kuma shi aka fi mantawa. Kamfanin ya yi alkawarin ba zai rage ma'aikata ba sai in rayuwar masana'antar ce ta shiga haɗari, kuma kafin a kai ga haka za a fara rage albashin manya. A 1988 kasuwa ta faɗi, aikin ya ragu sosai, amma ba a kori kowa ba. Aka tura mutane horo da gyare-gyaren wuri. Daga ranar suka tabbata cewa maganar ba ta fatar baki ba ce. Ba wanda zai nuna maka yadda mutum uku za su yi aikin mutum huɗu idan ya san shi ne na huɗun da za a kora.

Wannan ai masana'antar ƙasar waje ce. A shago ko ofis irin namu, me ake nufi da ba ma'aikaci iko?

Hausa tana da maganar tun tuni: a ba mutum wuƙa da nama. Matsalarmu ita ce muna miƙa naman, mu riƙe wuƙar a aljihu, sannan mu dawo muna tambaya me ya hana a yanka.

Na taɓa aiki a wani ofis inda tawadar na'urar buga takardu ta ƙare. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma ba mai ikon sa hannu sai oga, shi kuma ya yi tafiya. Kwana tara mutane na zuwa karɓar takardunsu muna ba su haƙuri, wasu daga ƙauyuka masu nisa, sun kashe kuɗin mota. Da ya dawo, mu aka ba takardar tuhuma saboda aiki ya taru. Har yau ina jin ciwon fuskar wani dattijo da ya zo sau uku.

Iko na gaskiya yana da iyaka bayyananna. Ka ce wa yaron shagonka: ga farashin da muka sayo, ga inda za ka iya sauka in mai saye ya matsa, ƙasa da haka kira ni. Ka ce wa ma'aikaciyar jinya ko malamin aji: irin wannan matsalar ke ce mai yanke hukunci, irin waccan ki kawo mini. Otal-otal na Ritz-Carlton sun shahara da wata ƙa'ida, cewa kowane ma'aikaci, har mai gyaran ɗaki, yana iya kashe har dala 2,000 don warware matsalar baƙo ba tare da neman izini ba. Ba adadin ne abin koyi ba. Abin koyin shi ne an faɗi adadin, kowa ya san inda ikonsa ya tsaya.

Iko kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Sai da sanin abin da ake ciki, da kayan aiki, da horo. Wanda ka ɓoye masa farashin sari ba zai iya yin ciniki ba. Wanda ka ba shi aji mai yara ɗari babu alli, ka ce ka sakar masa mara, ba iko ka ba shi ba, kaya ka jibga masa.

Gaskiya Malam, ni an sha cinye mini dukiya. In na sake musu, ba ƙarasa ni za su yi ba?

Alhaji, tsoronka yana kan hanya, kuma ba zan ce ka rufe ido ka miƙa makullin sito ba. Amma ka lura da abin da tsoron ke jawo maka. Ba ka iya tafiya Umara hankali kwance. Ba ka iya buɗe reshe na biyu sai in kana da ƙane ko ɗa da za ka ajiye a can. Kasuwancin ya tsaya daidai tsawon idonka.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Stanford, Nicholas Bloom, da abokan aikinsa sun yi gwaji a masaƙu da ke kusa da Mumbai a Indiya, suka fitar da sakamakon a 2013. Sun tarar masu masaƙun ba sa yarda da bare, har yawan rassan mutum ya danganta da yawan 'yan'uwansa maza da zai iya ɗorawa a kai. Sai aka koya wa wasu daga cikin masaƙun abubuwa masu sauƙi: rubuta kowane aibu da aka samu a yadi da dalilinsa, ƙidaya zaren da ke sito, duba injuna a kan lokaci, tsabtace wurin aiki. A shekarar farko yawan abin da suke samarwa gwargwadon ƙarfinsu ya ƙaru da kashi 17 cikin 100. Abin da ya fi jan hankalina kuwa, da lissafi ya fito fili, sai masu dukiyar suka fara sakar wa manajojinsu hukunci, domin yanzu in an taɓa zare littafi zai nuna.

Ke nan maganin tsoronka ba tsare ƙofa ba ne, littafi ne. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban. Ƙidayar kaya a ranar da kowa ya sani, da wata ranar ta ba-zata. Rasit ga kowane ciniki. Lissafi yana kare mai gaskiya kamar yadda yake kama maras ita, kuma yaro na kirki ya fi kowa son sa, don ya gaji da zargin da ake yi musu a dunƙule. Sannan ka fara da kaɗan. Wanda ya riƙe amanar dubu hamsin wata shida, ƙara masa. Alƙur'ani ya haɗa siffofi biyu ga wanda ya fi cancanta a ɗauka aiki, mai ƙarfi kuma amintacce, kuma duka biyun da gwaji ake gane su, ba da dangantaka ba.

Ba kuɗi ne komai ba? In albashi ya yi kyau ai kowa zai yi aiki.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk wanda zai yi maka dogon bayani kan ƙarfafa gwiwar ma'aikata alhali yana riƙe da albashinsu na wata biyu, kada ka saurare shi. A Najeriya mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a Yulin 2024. Amma bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, kuɗin mota kaɗai na cinye kaso mai tsoka. Dokar mafi ƙarancin albashin ma ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, wato mafi yawan shaguna da ƙananan makarantun kuɗi. Malamin da ke tunanin abin da za a ɗora a gida da yamma, rabin hankalinsa ba ya cikin aji. Kuma jinkirin biya ya fi ƙarancinsa cin rai, domin mai ƙaramin albashi da ya san ranar zuwansa yana iya tsara bashinsa. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito bai bar wurin kwana-kwana ba: a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Sai dai kuɗi yana da inda ya tsaya. A 1959 Frederick Herzberg ya fitar da sakamakon hirar da aka yi da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh. An tambaye su lokacin da suka fi jin daɗin aiki da lokacin da suka fi jin haushinsa. Abubuwan haushi suka fito a gefe guda: dokokin kamfani, halin oga, yanayin wurin aiki, albashi. Abubuwan jin daɗi kuma suka fito daban: kammala wani aiki mai wuya, a yaba wa mutum, a ɗora masa nauyi, ya ga yana ci gaba. Masana sun yi ta gardama kan hanyar binciken, amma abin da ya hango na gan shi da idona. Albashi mai kyau yana hana mutum tafiya. Ba shi ke sa ya tsaya bayan an tashi don ya gyara abin da ba wanda zai gani ba.

Ma'aikacin da ke jin daɗin aikinsa, shi ne dole mai ƙwazo?

Ba dole ba. A 2001 Timothy Judge da abokan aikinsa sun tattara bincike fiye da 300 a kan wannan, suka samu alaƙa tabbatacciya amma matsakaiciya, wadda ta fi ƙarfi a ayyuka masu buƙatar tunani. Akwai mai jin daɗin wurin aiki don ba a tambayarsa komai. Sau da yawa ma ƙwazon ne ke haifar da jin daɗin: mutum ya yi aiki ya yi kyau, ya ga amfaninsa, sai ya so ya ƙara.

Ina ce musu ƙofata a buɗe take, amma ba mai gaya mini gaskiya sai abu ya lalace. Me ya sa?

Domin ba bakinka suke saurare ba, abin da ya sami na ƙarshen da ya faɗi gaskiya suke kallo. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, tana zaton rukunin ma'aikatan jinya da suka fi haɗin kai da shugabanci nagari za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai ta ga rahoton kuskure ya fi yawa a wurinsu. Da aka bi diddigi, ba kuskuren suka fi yi ba, faɗa suka fi yi. A sauran ɗakunan ana ɓoyewa ne don tsoron shugaba. Daga baya kamfanin Google, a binciken da ya fara a 2012 kan rukunonin ma'aikatansa 180, ya tarar cewa wannan natsuwar, ta mutum ya yi magana ba tare da tsoron wulaƙanci ba, ita ce kan gaba cikin abubuwan da ke bambanta rukuni mai nasara da saura.

Shirun na ƙasa yana iya cin rayuka. A 1977, a tsibirin Tenerife, jiragen sama biyu suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Injiniyan ɗaya daga cikin jiragen, na kamfanin KLM, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ɗin, wanda babba ne ƙwarai a kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, ba wanda ya sake magana. Wannan hatsarin na cikin dalilan da suka sa kamfanonin jiragen sama suka shiga koya wa ƙananan matuƙa yadda za su ja da na gaba da su, da koya wa manyan yadda za su saurara.

A wurinmu abin ya fi nauyi, domin an tarbiyyantar da mu kan kunya da girmama na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau da ba na so mu rasa. Yaro ba zai dubi idon maigidansa ya ce ka yi kuskure ba. Zai ce "to, ranka ya daɗe", ya fita ya bar abin ya lalace. Saboda haka nauyin yana kanka. Kada ka tambaya a gaban taro ko akwai mai magana. Kira mutum shi kaɗai, ka tambaye shi abu takamaimai: a cikin tsarin nan, ina ne kake ganin zai ba mu wahala? A taro kuma ka bar ra'ayinka sai ƙarshe, ka fara da mafi ƙanƙanta. Ranar da wani ya kawo maka labarin ɓarnar da shi ya yi, kalmar farko da za ta fito bakinka ita ce za ta yanke ko za a sake kawo maka irinsa.

Sa wa kowa adadin da zai kawo a wata yana ƙara ƙwazo?

Yana ƙarawa idan adadin mai yiwuwa ne kuma ma'aikaci na da hannu a tsara shi. Idan ya zama bulala, mutane za su kawo maka adadin ta kowace hanya. A 2016 hukumomin Amurka suka ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe asusu da katunan bashi kusan miliyan 2 ba da sanin masu su ba, don su cika adadin da aka ɗora musu. An kori ma'aikata kimanin 5,300. Mutum dubu biyar ba sa lalacewa lokaci guda sai in tsarin ne ya tura su. Duk shugaban makarantar da ya ce wa malamai dole kowane ɗalibi ya ci jarrabawa ko a bakin aikinsu, ya san ƙofar da ya buɗe.

Ni ina ganin in ba a yi musu tsawa ba, raini ke shiga.

Tsawa tana sa a yi aiki muddin kana tsaye. Kana juya baya ya koma aikin ganin ido. Anas bin Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Ba wanda zai ce raini ya shiga tsakaninsu.

Wannan ba ya nufin a bar laifi ya wuce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka yi gyaran a keɓe, a kan aikin, ba a kan asalin mutum ko iyayensa ba, kuma kusa da lokacin da abin ya faru. Wanda aka yi wa gargaɗi sau da yawa bai canza ba, a rabu da shi cikin mutunci, a biya shi haƙƙinsa. Barin sa ma zalunci ne ga masu ƙoƙari da ke ɗaukar kayansa.

Abin da ke kawo raini na gaske shi ne a raba ma'aikata 'yan mowa da 'yan bora. Wannan ya makara a kau da kai don ɗan'uwan Hajiya ne, wancan ya makara a yanke masa albashi. Kwas ya fito a tura ɗan lele. Aiki ya yi kyau oga ya kai sama da sunansa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ma'aikata suna iya jure shugaba mai tsauri shekara da shekaru in sun san ma'auninsa ɗaya ne ga kowa.

Da gaske yanayin aiki na iya taɓa lafiyar mutum?

Ƙwarai. A 1967 aka fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnatin Birtaniya maza kimanin 18,000 a Landan, binciken da ake kira Whitehall. Ana zaton manya masu ɗauke da nauyi su ciwon zuciya zai fi kamawa. Sai aka ga akasin haka: cikin shekara 10, mutuwa a tsakanin na matakin ƙasa, irin su masinja da masu tsaron ƙofa, ta ninka ta na matakin ƙoli kusan sau 3. Zagaye na biyu da Michael Marmot ya jagoranta daga 1985, da mutum sama da 10,000 maza da mata, ya nuna cewa rashin ta-cewa a kan aikin mutum na cikin abubuwan da ke tafiya tare da ciwon zuciya.

Tsawon lokacin aiki ma haka. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2021 ya ce aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100. Ka lissafa awannin yaron shagon da ke buɗewa ƙarfe takwas ya rufe tara na dare, kwana bakwai.

Ni shugaban sashe ne a ma'aikatar gwamnati. Albashi ba a hannuna yake ba, ƙarin girma ma haka. Me ya rage mini?

Yallaɓai, abin da ya rage maka ya fi yadda kake zato. Kai ne ke raba aiki, kai ne ke cika takardar auna ƙwazo ta shekara, kai ne ke zaɓar wanda za a tura kwas. Kana iya sa sunan wanda ya rubuta takarda a kanta idan za ta hau sama, ko ka tafi da shi ya yi bayani da bakinsa. Kana iya bin fayil ɗin ƙarin girman ƙaramin ma'aikacinka da ya maƙale a hedikwata, abin da zai ɗauke shi wata shida kai waya ɗaya ce. Kana iya daidaita wa mai shayarwa lokacin shigowa ba tare da ta roƙa sau uku ba. Kana iya tsayawa tsakaninsu da fushin na sama idan kuskuren na sashe ne gaba ɗaya.

Sannan ka gaya musu wa aikin ke yi wa amfani. Akawun da ke jera fayilolin fansho ya san takardu yake jerawa. Ka sa ya ga tsohon malamin makarantar da ke jiran kuɗin nan don ya sayi magani. Maganar nan ta "aikin gwamnati ba na uban kowa ba ne" tana yin rauni a inda mutane suka ga fuskar mai jiran aikinsu.

Ni kuma ƙaramin ma'aikaci ne, ogana ba ya sauraron kowa. In haƙura ko in tafi?

Ɗan'uwa, fara da abin da ke hannunka. Ka nemi a fayyace maka aikinka da iyakar ikonka. In za ka kai matsala, tafi da shawarar gyara, ka zaɓi lokacin da yake shi kaɗai. Umarnin da ya shafi kuɗi ko kaya, nemi a rubuce, ko saƙon waya ne, ka ajiye.

Ka kuma san haƙƙinka. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da fara aiki, da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki bayan wata 12, da hutun haihuwa na mako 12. A tsarin fansho na dokar 2014, mai aiki na zuba aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8, kuma ya kamata ka riƙa duba ko ana zubawa da gaske. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa don irin waɗannan rigingimu.

In ana wulaƙanta ka kullum, ko ana tilasta maka sa hannu a kan ƙarya, ko albashi ya zama sai an ga dama, fara neman wani wuri tun kana nan, kada ka saki reshe ka kama ganye. In kuwa tsauri ne kawai amma kana koyon sana'a, ka ƙayyade wa kanka lokaci, ka kwashi ilimin.

In na horar da yaro ya ƙware, ya tafi ya buɗe nasa fa?

Zai tafi, kuma iyayenmu 'yan kasuwa sun san haka, shi ya sa suka mayar da tafiyar abin alfahari. A Kantin Kwari da sauran kasuwanninmu, yaro ya yi wa ubangidansa hidima shekaru, ranar da ya isa a sallame shi da jari, ko a ba shi kaya bashi ya riƙa sayarwa yana biya. Ya zama abokin ciniki, yana sari a wurin maigidansa, yana kawo masa labarin kasuwar da ƙafarsa ba ta kai ba. Yaran da suka rage kuma suna kallo. Sun ga ƙarshen hidimar, don haka suna riƙe amana. Inda ake samun yawan cin amana shi ne gidan da yaro ya shekara goma sha biyar bai ga an sallami kowa ba, kuma ba a taɓa zaunar da shi an gaya masa ranar tasa ba.

Me ya faru da masana'antar Fremont daga baya? General Motors ta kwaikwayi tsarin?

Ta gwada, ta sha wuya. A masana'antarta ta Van Nuys, a Kalifoniyar dai, an kawo tsarin rukuni-rukuni, amma babu yarda tsakanin ma'aikata da shugabanni. Ma'aikata na zargin dabara ce ta rage su, manajoji da yawa kuma ba su so rabuwa da ikonsu ba. Ingancin bai tashi yadda aka so ba, aka rufe wurin a 1992. Manajojin da aka tura NUMMI suka koyo aikin, da suka koma sai aka warwatsa su ɗaya-ɗaya cikin manyan masana'antu inda har lokacin yawan motocin da suka fito ake tambaya, ba ingancinsu ba. An ɗauki fiye da shekara 10 kafin darasin ya fara ratsa kamfanin.

Ita NUMMI ta yi shekara 25 tana aiki, ta haɗa motoci kusan miliyan 8. Da General Motors ta durƙushe a 2009 ta janye daga haɗin gwiwar, Toyota ta ce ba za ta riƙe ita kaɗai ba, aka rufe a Afrilun 2010, ma'aikata kimanin 4,700 suka rasa aiki. A shekarar ce kamfanin Tesla ya sayi ginin, kuma a can yake haɗa motocinsa masu amfani da lantarki.